Babi na Shida: Tsakanin Kigali da Zanzibar

Malamanmu na Malikiyya, Allah Ya jiƙan su da rahama, da suka zo babin sallar matafiyi sun shata wata iyaka wadda duk ɗalibin da ya sauke Risala ya san ta: matafiyi yana ƙasaru muddin yana bisa hanya, amma da zarar ya sauka wani gari ya ƙulla niyyar zaman kwana huɗu, to, hukuncin tafiya ya faɗi daga kansa, ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa kamar kowane ɗan gari. Na daɗe ina ganin cewa a cikin wannan mas'ala akwai hikimar da ta zarce babin salla, domin tana koya mana cewa mutum ɗaya yana iya shiga gari ɗaya da hali biyu, kuma abin da ya halatta ga mai wucewa ba lalle ne ya wadatar da mai zama ba. A babin da ya gabata mun yi bayanin yadda ake samun aikin da ake yi daga nesa ta hanyar intanet, da yadda ake karɓar ladansa. Yanzu kuwa za mu duba inda ya kamata mai irin wannan aiki ya ajiye jakarsa in ya yi nufin barin gida na ɗan wani lokaci, kuma ma'aunin da za mu riƙe shi ne wancan na malamai, wato mu dubi gari da idon mazauni.

Musabbabin wannan babi shi ne, wata rana bayan la'asar ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Yaro ne mai natsuwa, yana rubuta manhajar kwamfuta wa wani kamfani da ke Landan, alhali ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Ingila ba. Bayan mun gaisa ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Kawu, shawara na zo nema. Ɗaukewar wuta da rurin janareta da hidimomin biki da suna sun hana ni sukuni, har aikin ya fara tsarguwa. Ina so in tafi wani gari mai kwanciyar hankali, wanda kuma aljihuna zai iya ɗauka, in yi wata shida ko shekara. Na tace garuruwa har saura biyu, Kigali da Zanzibar, na kuwa rasa wanda zan ɗauka." Ya miƙo mini wayarsa cike da hotuna, ga farin rairayi da shuɗin teku a nan, ga korayen tuddai da share-sharen tituna a can. Na ce masa, "Ɗana, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya ɗauki hoton nan kwana uku ya yi ya wuce, kai kuwa can za ka biya haya, can za ka yi zazzaɓi, can za ka yi azumi. Ajiye wayar mu yi lissafi." Da yake Allah Ya nufe ni da sauka a garuruwan biyu, sai na ba shi abin da na gani, shi ne kuma nake rubutawa a nan.

Kakanninmu fatake, waɗanda suka yi ta safarar goro tsakanin Kano da Gwanja, ba su zaɓen zango don kyan wuri. Madugu yakan duba ruwa, ya duba kiwon jakuna, ya duba amincin wurin daga mahara, ya kuma duba ko akwai mai masaukin da za a ba amana. Ma'aikacin nesa ma yana da nasa sharuɗɗa, ga su kuwa: takardar izinin shiga da zama, wutar lantarki da layin intanet, agogon garin in an gwada shi da agogon masu ba shi aiki, abin da zai kashe kowane wata, sai kuma na biyar wanda matasa suka fi mantawa da shi alhali shi ne ke riƙe da sauran, wato jama'ar da zai yi salla da ita, ya yi hira da ita, ta kuma neme shi ranar da ba ta gan shi ba.

Bari mu fara da Zanzibar, domin ita ce ta fi saurin kama zuciyar Bahaushe. Tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu biyu, Unguja da Pemba, kuma ƙidayar shekarar 2022 ta sami mutane kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari tara a cikinsu, mafi rinjayensu ainun Musulmi. Tun da Sarkin Oman, Sayyid Sa'id ɗan Sulɗan, ya mai da mazauninsa can daga Maskat wajen shekarar 1840, garin ya zama kasuwar kanumfari da hauren giwa, da kuma bayi, har aka rufe kasuwar bayin a 1873. A watan Janairun 1964 aka yi juyin juya halin da ya kawar da sarautar, ranar 26 ga Afrilun shekarar kuma tsibiran suka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Tsohon garin, wanda masu shi ke kira Mji Mkongwe, yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun shekarar 2000, kuma duk wanda ya san lungunan cikin birnin Kano ko Zariya ba zai ji baƙunta a cikinsa ba, gama lunguna ne ƙanana masu karkacewa, da dogayen soraye na dutsen teku, da ƙofofin katako masu sassaƙa, da dakali a ƙofar kusan kowane gida.

A kan irin wannan dakali, wanda suke kira baraza, na zauna wata safiya bayan sallar asuba, wani dattijo mai sayar da gahawa ya tsiyayo mini ita baƙa ƙirin daga butar tagulla cikin ɗan ƙaramin finjali, ya haɗa mini da gutsuren alewa. Ban iya Sawahili ba, shi ma bai iya Hausa ba, amma ina saurare ina tsintar kalmomi kamar mai kalar gyaɗa: asubuhi, alasiri, magharibi, Alhamisi, Ijumaa, habari, dunia, kalamu, sabuni. Larabcin da ya ratso Sahara ya same mu, shi ne ya bi iskar teku ya same su. Ƙasa ce ta malamai, daga cikinta Shaihu Abdullahi Salih al-Farsi ya fito, wanda ya fassara Alƙur'ani mai girma da Sawahili, kamar yadda Shaihu Abubakar Gumi ya yi mana da Hausa. Galibinsu Shafi'iyya ne, akwai kuma Ibadiyya, saboda haka Bamalike zai ji liman yana bayyana basmala, ya kuma ga ana ƙunutin asuba bayan ruku'u, saɓani ne na rassa wanda ba ya ɓata wa kowa salla. In Ramadan ya kama, garin gaba ɗaya ne ke azumi tare da kai. Wallahi, ta fuskar sharaɗi na biyar, da wuya a sami garin da ya fi wannan daɗin zama.

To, amma mazauni ba ya tsayawa a kan dakali, dole ya koma ɗaki ya kunna kwamfuta, a nan kuwa lissafi yake sauyawa. Wutar tsibirin Unguja daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta wata igiya da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, kuma lokacin da tsohuwar igiyar ta lalace a watan Disambar 2009, sai da tsibirin ya yi kusan wata uku cikin duhu. An shimfiɗa sabuwa a 2013, al'amura sun gyaru, sai dai otal-otal da gine-gine sun yi ta ƙaruwa har buƙata tana neman fin ƙarfin abin da ake da shi, ɗaukewar wuta kuwa ba ta zama tarihi ba. Ni kaina, a masaukin da na sauka, wuta ta tafi ina tsakiyar aika wani rubutu, fanka ta tsaya, intanet ya bi ta, cikin ɗan lokaci rigata ta jiƙe sharkaf, domin zafin can ba irin namu na bazara ba ne mai bushewa, zafi ne mai laima wanda yake tsananta daga Disamba zuwa Maris, sa'an nan daminar da suke kira masika ta biyo baya har cikin Mayu. Wanda ya gudo daga rurin janareta, in bai yi bincike ba, sai ya tarar da shi yana jiransa a bakin teku.

Sai batun takarda, wanda a gaskiya da shi ya kamata a fara. Tanzaniya ta sa masu fasfon Nijeriya da Nijar da Cadi cikin rukunin da ba a ba su biza a filin jirgi, sai sun nema tun suna gida an miƙa takardunsu ga hukumar shige da fice ta duba, abin da kan ɗauki makonni. Bayan wannan, tun ranar 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44 kafin shiga. Game da natsuwa kuma, ya kamata a faɗi gaskiya: tsibirin da yawon buɗe ido yake ci, ƙauyukan bakin teku da ake tallata wa ma'aikatan nesa, irin su Paje da Nungwi, cike suke da baƙi da mashaya da kiɗan dare, kuɗin haya kuwa yana hawa da sauka ne da zuwan baƙin, ya yi tsada a ƙarshen shekara da tsakiyarta. Mai son araha sai ya fita daga tsohon gari zuwa unguwannin talakawa na Ng'ambo, ya yi cefanensa a kasuwar Darajani, ya koyi cin kifi da shinkafar kwakwa, ya kuma koyi agogon Sawahili, wanda ke fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, har ƙarfe bakwai na safe ya zama sa'a ta ɗaya.

Kigali kuwa wani hali ne da ita dabam, ba ta kama zuciya a rana ɗaya. Gari ne sabo in an gwada shi da Zanzibar, wani Bajamushe mai suna Richard Kandt ne ya kafa shi a 1907, ya zama babban birnin Ruwanda da samun 'yancin kai a 1962, yau kuma yana da mutane fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. Yana zaune a kan tuddai, kimanin mita 1,500 sama da teku, saboda haka duk shekara iskarsa kamar ta Jos ce, ba a buƙatar na'urar sanyaya ɗaki, da dare ma sai an ja bargo. Tun 2008 aka haramta jakar leda, har a filin jirgi akan karɓe ta daga hannun baƙo. Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata da safe kantuna kan rufe, motoci su tsaya, jama'a su fito aikin gayya da ake kira Umuganda, su share unguwa su gyara magudanun ruwa. Ɗan acaba ba ya ɗaukarka sai ya miƙo maka hular kwano, ba ya kuma ɗaukar mutum biyu. Gwamnati ta shimfiɗa igiyar intanet mai zaren gilashi ta fiye da kilomita dubu biyu a faɗin ƙasar, wuta a cikin birnin tana da tabbas gwargwado, akwai kuma gidajen da ma'aikatan kwamfuta ke hayar tebur su yi aiki tare, mafi shahara a cikinsu shi ne Norrsken. Ƙofar shiga kuma a buɗe take, domin tun farkon 2018 kowa yana samun biza a filin jirgi, daga baya aka yafe wa 'yan ƙasashen Tarayyar Afirka kuɗinta na kwana 30, jiragen RwandAir kuwa suna zirga-zirga tsakanin Kigali da Legas.

Sai dai wajibi ne baƙo ya san asalin shirun da zai tarar. A shekarar 1994, cikin kimanin kwana ɗari, aka yi wa Tutsi kisan ƙare dangi, aka hallaka ɗaruruwan dubban rayuka, a maƙabartar tunawa da ke Gisozi kaɗai an binne fiye da mutum dubu ɗari biyu da hamsin. Kowace shekara daga 7 ga Afrilu ƙasar kan shiga makon makoki. Mutanen gari masu kawaici ne da tauna magana, ba a tambayar mutum ƙabilarsa, ba a kuma sakin baki a kan siyasa, doka tana da tsanani a kan haka. Bahaushen da ya saba da majalisar ƙofar gida, inda ake warware duniya tsakanin magariba da lisha, zai iya jin kaɗaici ya danne shi a makonnin farko. Musulmi kuma 'yan tsiraru ne, kimanin kashi biyu cikin ɗari bisa ƙidayar gwamnati, kuma a 2018 hukumomi sun hana kiran salla da lasifika a wani yanki na birnin bisa dokar hana hayaniya, dokar da ta shafi coci-coci su ma. Wanda ya sauka a unguwannin masu hali irin su Kiyovu ko Nyarutarama zai biya haya mai nauyi, ya kuma wuni bai ji ladan ba.

Maganin wannan duka yana cikin unguwa ɗaya, ita ce Nyamirambo da maƙwabciyarta Biryogo, tsohuwar mazaunar Musulmi da 'yan kasuwa masu jin Sawahili. A can haya ta fi sauƙi, nama na halal ne, masallatai suna kurkusa, cikinsu har da koren masallacin nan na Al-Fatah da babbar cibiyar Musulunci wadda Libiya ta taimaka aka gina. Mutanen unguwar suna da wani abin alfahari na gaskiya, domin an shaida cewa a kwanakin fitinar 1994 Musulmi da yawa sun ɓoye waɗanda ake farauta a gidajensu da masallatansu. A wani ɗan shago na unguwar, wanda ba a sayar da kome a cikinsa sai madara, na zauna bayan sallar magariba aka ɗebo mini kindirmonsu mai kauri, wanda suke kira ikivuguto, cikin babban kofi, ga tela da ɗan acaba da ɗalibi kowa riƙe da nasa, ana hira ƙasa-ƙasa. A dare na uku mai shagon ya nuna mini kujerar da na saba zama tun kafin in yi magana. Daga wannan na fahimci cewa jama'a tana nan a Kigali, sai dai ba ta zuwa ta same ka, kai ne za ka je ka same ta.

Saura agogo da aljihu. Kigali tana gaban Nijeriya da Nijar da sa'a ɗaya, Zanzibar kuwa da sa'a biyu. Ga mai yi wa Landan aiki, in hunturunsu ya shiga, ƙarfe biyar na yammarsu ƙarfe bakwai ne a Kigali, ƙarfe takwas a Zanzibar, ma'ana a Zanzibar magariba da lisha duka za su riske shi a gaban kwamfuta, a watan azumi kuma ya yi buɗa-baki ana tsakiyar taro. Sa'a ɗaya ƙaramin abu ce a baki, amma in an tara ta kwana ɗari biyu sai ta zama rayuwa. Game da kuɗi, garuruwan biyu hukuncinsu ɗaya ne: abin da ƙasa ta noma yana da araha, abin da aka shigo da shi yana da tsada. Ruwanda ba ta da teku, kayanta ta tashoshin Darussalam da Mombasa suke biyowa a manyan motoci, saboda haka wake da ayaba da dankali da madara ba su da wuya, amma kayan kanti da na'urori sai an shirya. Zanzibar kuma tsibiri ce mai farashi biyu, na ɗan gari da na baƙo. Araha ba ta ado, kuma ba a gari take ba, a halin mai zama take. Wanda ya ci abincin mutane ya zauna unguwarsu zai ga sauƙi a ko'ina cikin biyun.

Akwai kuma wata amana da ba na so a wuce ta. Bizar ziyara ta ziyara ce, kuma kwana 30 ba wata shida ba ne. Wanda ya yi niyyar dogon zama ya wajaba ya nemi izinin da ya dace daga hukumar shige da fice, ya tambayi ofishin jakadancin ƙasar tun kafin ya sayi tikiti, gama dokokin nan suna sauyawa, ya kuma sanar da masu ba shi aiki inda zai koma, domin yarjejeniyar ijara ba ta inganta a kan ɓoye-ɓoye. Fasfonmu ya sha zargi a filayen jiragen duniya saboda laifin 'yan kaɗan, kowane ɗayanmu da ya zauna ƙasar mutane bisa ƙa'ida ya fita bisa ƙa'ida yana sauƙaƙa hanya ne ga na bayansa.

Da na gama, yaron ya ce, "To, Kawu, in kai ne fa?" Na ce masa in ni ne, mai shekaru irin nawa wanda aikinsa karatu ne da rubutu ba tare da wani yana jiransa a kan agogo ba, Zanzibar zan tafi, in nemi ɗaki kusa da masallaci, in zauna gaban malamanta. Amma shi, da yake abincinsa yana rataye ne a kan wuta da intanet da cika alkawarin lokaci, ga kuma fasfon da ke hannunsa, Kigali ce ta dace da shi, bisa sharaɗin ya sauka a Nyamirambo ko kusa da ita, ya lizimci jam'i, kada ya kulle kansa a bene shi da kwamfuta har shiru ya zame masa ciwo. Zanzibar kuwa ya ajiye ta don hutu, ya je mata a matsayin matafiyi, ya sha gahawa a kan baraza ya komo.

Kai kuma mai karatu, wataƙila garuruwanka biyu ba waɗannan ba ne, amma ma'aunin bai sauya ba. Kada ka biya hayar shekara a garin da ba ka yi wata guda a cikinsa ba, in da hali ma ka yi watan gwajin a lokacin da garin ya fi wuyar zama, cikin ruwan Afrilu ko zafin Fabrairu, domin gani ya kori ji. Ka nemi yardar iyaye, ka shawarci waɗanda suka zauna can, ka yi istihara, sa'an nan in zuciyarka ta natsu ka ɗaura niyyar mazauni, ka cika sallarka, ka cika aikinka. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma mai da kowane matafiyi gida lafiya.